Hasumiyar da ta riƙa shaƙar numfashinta: nazarin lamarin wata tashar wuta da gari ya cim mata

Asalin lamarin

Ba zan faɗi sunan tashar ba ko garin da take. Tasha ce mai aiki da iskar gas, irin wadda ake haɗa injin gas da injin tururi, wato zafin hayaƙin da injin gas ya fitar shi ake dafa ruwa da shi a samu tururin da zai juya inji na biyu. Lokacin da aka gina ta a bayan gari take, babu kowa kusa sai kogi, amma a hankali gari ya yi ta matsowa har ya zagaye ta, yanzu babban titi ne ta gefe ɗaya, gidaje masu hawa takwas a tsallaken titin kamar mita 90, sannan wani asibiti kamar mita 300 daga katanga.

Ga wanda bai san aikin ba, tururin da ya gama juya inji dole a mayar da shi ruwa a cikin kondensa, kuma zafin da ake cire masa a nan ba kaɗan bane, a wannan tashar kusan megawat 100 ne. Tun farko kogi ne yake ɗauke wannan zafin, a ja ruwa kubik mita 8,600 a awa, ya ratsa kondensa ya koma kogi da ƙarin zafi na digiri 10. Sai hukumar muhalli ta ce ba zata sabunta lasisin ba saboda ɗumamar kogin da kifayen da ke mutuwa a bakin bututun jan ruwa. Wannan ba sabon abu bane, a Amurka ma sashe na 316(b) na dokar tsaftar ruwa ta 1972 ya daɗe yana matsa wa tashoshi lamba akan maganar jan ruwa. To dole a koma juya ruwa ɗaya ana sake amfani da shi, wato a gina hasumiyar sanyaya ruwa, wadda ma'aikata ke kira kulin tawa.

Filin da ya rage kuwa wani siririn wuri ne tsakanin zauren injuna da titi. Faɗinsa mita 34. Tsawonsa ya kai mita 80 amma akwai bututun gas da manyan wayoyin wuta binne ta ƙarshensa, ga hanyar motar kashe gobara da ba a taɓawa, abunda ya rage na gini mita 45 ne kawai. Zauren injunan tsayinsa mita 28. Dokar gari ta ce kada wani gini a wurin ya wuce mita 30, kuma ƙara da daddare kada ta wuce desibel 45 a bakin tagar gidajen.

Ni a wata na 23 na shigo aikin, bayan abu ya riga ya ɓaci. Abunda ya faru kafin nan daga takardu na same shi da bakin waɗanda aka yi da su. Watannin ina ƙirga su ne daga ranar da aka sa hannu a kwangila.

Wata na 1 zuwa na 5: zaɓen irin hasumiyar

Iri huɗu aka ɗora a tebur.

Ta farko ita ce doguwar hasumiyar kankare mai ƙugu a tsakiya, wadda Frederik van Iterson da Gerard Kuypers suka yi wa rajista a 1918, mai jan iska da kanta ba fanka. Tsayi ne ƙarfinta, na zamani suna wuce mita 100, ta Niederaussem a Jamus ta kai mita 200. Da dokar mita 30 ko minti goma ba a yi ana maganarta ba.

Ta biyu busasshiyar sanyaya, wato a tura tururin kai tsaye cikin bututai masu fiffike fanka na hura musu iska, babu ruwan da zai tashi. Ana yi, tashar Matimba a Afirka ta Kudu da haka take aiki, a cikin birni ma tashar Astoria Energy da ke Queens a New York ita take amfani da ita. Amma lissafi ya nuna tana son fili kusan ninki biyu na jiƙaƙƙiya, kuma a ranar da zafi ya kai digiri 35 tururin zai riƙa komawa ruwa a sama da digiri 55, tsohon injin tururin kuma ba a ƙera shi don irin wannan matsin ba. Aka ajiye ta.

Ta uku gauraye, jiƙaƙƙiya a ƙasa busasshen sashe a sama don hana farin hazo fita. An yaba ta a rahoto, sai aka cire ta saboda kasafi, aka rubuta cewa hazon "ba zai kai titi ba sai ranaku ƙalilan".

Ta huɗu aka ɗauka, jiƙaƙƙiya mai fanka a sama. Ruwan zafi yana zubowa ta kan wata roba mai kama da saƙar zuma, iska tana shiga ta ƙasa tana haurawa, ɗan ruwa kaɗan ya zama tururi ya tafi da zafin. Ɗaki shida, kowanne mita 12 sau 12, fanka mai faɗin mita 7 a kan kowanne, iskar da suke ja gaba ɗaya kamar kubik mita 1,900 a daƙiƙa. Da an jera su layi ɗaya sai sun ci mita 72, babu wurin, don haka aka haɗa su baya da baya, uku nan uku can, mita 36 sau 24. Abunda ya rage na faɗi mita 10, aka bar 6 ta gefen zauren injuna, 4 ta gefen titi.

Akwai abu ɗaya da sai an gane shi za a fahimci sauran labarin. Irin wannan hasumiyar ba ruwanta da zafin da ake faɗa a rahoton yanayi. Abunda ke mata iyaka shine awon jiƙe, wato abunda ma'aunin zafi zai nuna idan ka naɗe kansa da jiƙaƙƙen tsumma iska na bugunsa. Idan iska busasshiya ce awon zai sauka sosai, idan ta riga ta ƙoshi da damshi ba zai sauka ba, kuma ruwanka ba zai taɓa yin sanyi ƙasa da wannan awon ba. Lissafin Merkel na 1925 da har yau ake gina zane a kansa, akan bambancin zafin ruwa da awon jiƙen nan ya tsaya. Zanen tashar ya ɗauki awon jiƙe digiri 24, ruwa ya shiga a 39 ya fito a 29, tururi ya koma ruwa a 42, matsin cikin kondensa kamar milibar 82. Bayanan iska da na zafi duk daga filin jirgin sama aka ɗauko su, kilomita 15 daga wurin.

Wata na 6 zuwa na 20: gini, da katangar da aka ƙara

Gini ya tafi lafiya. A wata na 11 ne mai ba da shawara kan ƙara ya kawo rahoto cewa faɗuwar ruwa cikin tankin ƙasa kaɗai zata wuce ƙa'ida a gidajen tsallake. Sai aka ƙara katangar kankare mai tsayin mita 12 a kan iyakar fili, wato mita 4 daga bakin shigar iska, ta ɗauki tsawon hasumiyar duka. Takardar canjin ta bi ta hannun masu gini da masu kuɗi, na duba ban ga sa hannun wanda ya yi lissafin zafi a kanta ba. Bakin fankokin yana mita 17 daga ƙasa.

An kunna a wata na 20, lokacin yanayi na da sauƙi, ruwa na fita da sanyi, kowa ya koma gida da murna.

Wata na 22 zuwa na 24: zafi na farko

Da zafi ya kankama sai masu ɗakin kula suka fara ganin matsin kondensa yana haurawa da rana. A ranakun da tashar yanayi ke nuna awon jiƙe 24, ruwa yana fita a kusan 32 maimakon 29, tururi yana komawa ruwa a 45, matsi ya kai milibar 96. Idan matsin kondensa ya hau ƙarfin injin tururi raguwa yake, asarar kusan megawat 1 kenan, kuma a daidai awannin da aka fi buƙatar wuta.

Zargi na farko ya faɗa kan kondensa, aka ce bututanta sun yi datti. Aka tsayar da inji kwana uku aka wanke, aka nemi inda iska ke kutsawa, aka samu ɗan yoyo aka toshe. Matsi ya sauka da milibar 2 kawai. Ruwan da ke shigowa ɗin ne da zafi tun daga waje.

Zargi na biyu, feshi. Aka shiga aka duba bakunan feshin ruwa, wasu sun toshe da laka, aka gyara. Babu wani canji da za a nuna.

Na uku aka ƙara wa fankoki gudu kashi 10 cikin ɗari. Dokar fanka kowa ya santa, iska tana ƙaruwa daidai da gudu amma wutar da take ci tana hauhawa fiye da haka nesa ba kusa ba, ƙarin kashi 10 na gudu yana cin ƙarin wuta kashi 33. Ruwa ya sauka da ƙasa da rabin digiri. Ƙara kuma ta ƙaru da desibel 2 da wani abu, cikin sati biyu takardun koke suka fara zuwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da hukuma ta zo awo da daddare, a hawa na ƙasa ta samu 44, a hawa na takwas ta samu 52. Katangar tana kare wanda ke ƙasa, wanda ke sama kuwa fankokin yake kallo ido da ido babu shamaki. Wata dattijuwa a hawa na takwas ta ce wa shugaban tashar a taron da aka yi, "Yallaɓai ba ƙarfin ƙarar ne ya dame ni ba, gurnanin nan ne da baya tsayawa, ko na toshe kunne a ƙirjina nake jinsa." Abunda take faɗa gaskiya ne a kimiyyance, ƙarar fanka mai kauri ce, gilashin taga baya tare ta kamar yanda yake tare siririyar ƙarar ruwa. Aka mayar da gudun yanda yake.

Wata na 24 zuwa na 26: awo a bakin hasumiyar

Abunda muka fara yi bashi da tsada. Muka rataye ma'aunan awon jiƙe a bakin shigar iska na kowane ɗaki, sama da ƙasa, muka kafa sandar auna iska a kan rufin zauren injuna, wata kuma can nesa ta inda iska ke tahowa. Ƙa'idar gwaji ta ATC-105 ta cibiyar Cooling Technology Institute ma a bakin shiga take son a auna, don abunda hasumiya ta shaƙa shi ne abunda take aiki da shi.

Wani tsohon ma'aikaci da ya fi shekara ashirin a tashar ne ya riga na'urorin faɗa. Ya ja ni zuwa lungun da ke tsakanin katanga da hasumiya ya ce, "Injiniya tsaya nan ka ji, iskar nan daga sama take zubowa kuma da ɗumi." Na tsaya, hular kwanon kaina ma sai da na riƙe. Lissafin a fili yake, ɗakuna uku na gefen titi suna son iska kubik mita 950 a daƙiƙa, ƙofar da zata bi kuma mita 36 sau 4, wato iska na gangarowa da gudun kusan mita 6 da rabi a daƙiƙa, kuma daga sama take ɗebowa, ƴan mitoci kaɗan daga bakin fankokin da ke amayo iska mai zafi da damshi.

Muka kunna gwangwanin hayaƙi mai launi a bakin fanka. Idan iska ta taso ta kan zauren injuna, ginin mai mita 28 yana karya ta, sai ta murɗo ƙasa a bayansa daidai kan hasumiyar da bakinta ke mita 17, ta danne hayaƙin, ka gan shi da idonka yana lanƙwasowa yana faɗawa lungun katanga yana komawa ciki. A irin waɗannan awannin awon jiƙe a gefen titi yana fin na waje da digiri 2. Sandar rufi kuma ta nuna cewa a lokacin zafi daga wannan ɓangaren iska ta fi zuwa, saɓanin abunda bayanan filin jirgi suka nuna, don dogayen gine-ginen unguwar suna juya ta.

Sai awon yawan iska. Ɗakunan gefen titi suna samun ƙasa da abunda aka zana da kusan kashi 20 cikin ɗari, na gefen zaure kashi 8. Da muka raba digiri 3 ɗin da aka rasa, kamar ɗaya ya fito daga sake shaƙar iskar da aka fitar, kusan biyu daga ƙarancin iska. Muka gina samfurin wurin a kwamfuta da gine-ginen kewaye duka, muka daidaita shi har ya ba da lambobin da muka auna da hannu, sai a lokacin muka yarda mu gwada gyare-gyare a kansa.

Wata na 27 zuwa na 30: sanyi, hazo da ƙwayar cuta

Ana cikin wannan sanyi ya shigo. Iskar da ke fita daga jiƙaƙƙiyar hasumiya a ƙoshe take da damshi, da ta haɗu da iska mai sanyi sai damshin ya koma ƙananan ɗigo, shine farin hazon da mutane ke ɗauka hayaƙi ne. Murɗawar iskar nan da ke danne shi lokacin zafi ita ce dai ta riƙa kwantar da shi kan titi. An rubuta safiya 19 da hazo ya sauka kan kwalta, a uku daga ciki ƴan sandan hanya sun kira tashar, sau biyu aka rage wuta da gangan don ya lafa. An gwada kashe fankokin gefen titi a bar na gefen zaure, abun ya ƙara muni, don hazon sai ya riƙa fitowa a hankali bashi da ƙarfin tashi.

Motocin da ke ajiye a tsallake kuma suka fara farin tabo. Wannan ba hazo bane, ɗigon ruwan hasumiyar ne kansa da iska ke sacewa, yana ɗauke da gishiri da magani da duk abunda ke cikin tanki. Allunan tare ɗigon da aka sa irin masu barin kashi 0.005 cikin ɗari ne, a kan ruwa kubik mita 8,600 lita 430 kenan a awa, kuma da muka hau muka duba akwai giɓi a gefen ginshiƙai inda ba a yanka su daidai ba.

A wata na 29 gwajin ruwa ya nuna ƙwayar Lejiyonela, mai haddasa mugun ciwon huhu, sama da 1,000 a lita, matakin da jagorar hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ke cewa a ɗauki mataki nan take. Wannan ne ya fi tayar mana da hankali, wallahi daren nan ban yi barci ba, don asibiti na nan kusa. Ƙwayar tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, daidai zafin hasumiya, kuma ta numfashi ake kamuwa. Tun ɓullar 1976 a Filadelfiya ta Amurka aka san ta, a 2015 a Kudancin Bronx da ke New York mutum 138 suka kamu 16 suka rasu daga hasumiyar wani otal, a Pas-de-Calais ta Faransa kuma a ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004 an samu waɗanda suka kamu kilomita 6 daga hasumiyar da ta yaɗa ta. Aka zuba kulorin mai ƙarfi, aka sanar da hukumar lafiya da asibitin a ranar. Da aka bi sawu sai aka samu tushen wuri biyu, wani tsohon bututu da ya rage daga zamanin kogi wanda ruwa ke kwana a ciki baya motsi, da ɗakunan nan da aka riƙa kashewa saboda hazo ana barin ruwa a tsaye. Ba a samu wanda ya kamu ba.

Wata na 31 zuwa na 39: gyaran

An yi shi ɗaki biyu biyu don kada tashar ta tsaya gaba ɗaya.

Katanga aka fara da ita. Ba a iya matsar da ita, iyakar fili ce. Sai aka fasa mita 7 na ƙasanta aka sa allunan shanye ƙara a tsaye, jere da tazara a tsakani, iska ta ratsa kai tsaye daga gefen titi, ƙarar kuma ta shanye a jikin allunan. Saman lungun aka rufe shi ruf, yanda iska ba zata ƙara gangarowa daga sama ba. A kan tankin ƙasa aka shimfiɗa tabarmar roba mai karya faɗuwar ɗigo.

Sai babban aikin. Aka kafa firam ɗin ƙarfe a wajen hasumiyar don ainihin jikinta ba zai ɗauki nauyin ba, aka ɗaga ɗakin da ke ƙarƙashin fanka da mita 7, aka jera bututai masu fiffike a gefunansa. Ruwan zafi yana fara bi ta cikinsu kafin ya sauka ga feshi, busasshiyar iska ta waje ta ratsa su ta ɗumama ba tare da ta sha ruwa ba, sai ta gauraya da jiƙaƙƙiyar da ke haurowa, abunda ya fita bai ƙoshi da damshi ba don haka baya yin fari. Ita ce dai gaurayen da aka cire a wata na 5. An zana ta ne kada hazo ya fito har zuwa sanyin digiri 5 da damshi kashi 90. Lokacin zafi ana rufe ƙofofin busasshen sashen, iska duka ta bi ta jiƙaƙƙen. Da aka ƙara dogon mazurari a kan kowace fanka bakin fita ya kai mita 29, ya ɗan haura rufin zauren, yana ƙasa da dokar mita 30.

Fankokin aka canza su da masu faffaɗan fiffike da ke juyawa a hankali, gudun bakin fiffike ya sauko daga mita 60 a daƙiƙa zuwa 42, aka sa musu na'urar daidaita gudu, da daddare dukansu shida su juya a hankali maimakon a kashe wasu. Allunan tare ɗigo aka sa masu kashi 0.0005, lita 43 a awa, aka liƙe kowane gefe. Mataccen bututun aka yanke shi, aka sa matata da ke tace wani kaso na ruwan kullum, kulorin kuma ya koma hannun na'ura mai aunawa da kanta.

Da ruwan ya yi tsafta sai aka samu wata riba da ba ita aka fita nema ba. Ruwan da ke tashi tururi kamar kubik mita 130 ne a awa, shi ba yanda za a yi da shi, amma wanda ake zubarwa don gishiri kada ya taru ya dogara da ninki nawa aka bari gishirin cikin ruwan ya kai. A ninki 4 ana zubar da 43, a ninki 6 ana zubar da 26. Aka koma 6.

Wata na 40 zuwa na 52: abunda aka auna

Sanyin da ya biyo baya hazo ya fito a safiya 4, duk a ranakun da suka fi ma'aunin zane sanyi, kuma sama ya tashi, bai taɓa titi ba. Lokacin zafi, a awon jiƙe 24 ruwa yana fita a 29 da rabi, matsin kondensa milibar 84. Bambancin awon jiƙe tsakanin bakin shiga da waje ya sauko ƙasa da rabin digiri. A hawa na takwas an auna desibel 44 da daddare. Gwajin Lejiyonela na kowane wata bai sake kaiwa 100 a lita ba. A ɗaya gefen, tura ruwa zuwa ƙarin tsayin mita 7 yana cin kusan kilowat 200 duk lokacin da busasshen sashen ke aiki, allunan shanye ƙarar ma suna ɗan riƙe iska.

Hukuncina

Hasumiyar da aka kawo ba ta da laifi. Da an kafa ta a fili buɗaɗɗe zata ba da digiri 29 ɗin da aka yi alkawari, na sake lissafin da kaina ya fito daidai. Abunda ba a zana ba shine mita ɗari biyu da ke kewaye da ita. An lissafa cikin akwatin da kyau, an ɗauka iskar da zata shiga irin ta filin jirgi ce, alhali a tsakiyar gari zaure da katanga da gidajen maƙwabta su ne ke yanke wace iska zata iso da kuma inda wadda ta fita zata je.

Katangar ita ce kuskure mafi tsada, garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Kuma ban ɗora wa mai lissafin ƙara laifi ba, an tambaye shi ƙara ya amsa ƙara. Laifin na tsarin aikin ne da ya bar canji mai tsayin mita 12 ya wuce ba tare da ya koma teburin mai lissafin zafi ba. A matsattsen fili ƙara da zafi da hazo da ɗigo duk iska ɗaya ce ke ɗauke da su, duk wanda ka taɓa shi kaɗai sai ya taɓa sauran, shi yasa ƙara gudun fanka ya jawo koke, kashe ɗakuna saboda hazo kuma ya ba ƙwayar cuta wurin kwana. Gyaran ya yi aiki ne don an yanke shi a zama ɗaya da duka lambobin a gaba, bayan an auna a wurin.

Cire gaurayen a wata na 5 ma ban yarda da shi ba. Jimlar nan ta "ranaku ƙalilan" babu awo a bayanta, kuma gina busasshen sashe a kan hasumiyar da ke aiki, da firam na waje da tsayar da ɗakuna, ya fi wahala da tsada nesa ba kusa ba akan a ce tun ran gini aka yi zane. Sandar auna iska guda ɗaya a kan rufin zauren na tsawon shekara kafin a zana komai da ta nuna murɗawar nan.

Akwai inda har yanzu ban gamsu ba. Ɗakunan gefen zaure suna nan da mita 6 ɗinsu, iskarsu bata cika ba, rabin digirin da ya rage daga nan yake fitowa. Kuma gari ya ba da izinin wani gini mai hawa goma sha biyu a tsallaken titi, tagoginsa na sama zasu fi bakin fankokin tsayi. Mun sa shi a samfurin kwamfuta, mun aika wa hukumar tsara gari sakamakon a wata na 51, sandar auna iskar kuma mun bar ta a kan rufin tana ci gaba da rubutawa.